Yadda Jirgin Ƙasa Ya Samu Giyar Baya

Injin tururi ba shi da gaba ba shi da baya. Ɓangaren da tururi ya fara shiga cikin silinda shi ke yanke inda ƙafa za ta juya, kuma bawul ne mai buɗe masa ƙofa. A jiragen ƙasa na farko a Ingila, kafin direba ya ja da baya sai ya cire wasu ƙugiyoyin ƙarfe ya maƙala wasu, aikin da ke son gwaninta.

A 1842 aka samu mafita a masana'antar Robert Stephenson da ke Newcastle. William Williams da William Howe, ma'aikata ne kawai, suka yi amfani da faifai biyu da ke kan sandar ƙafafun, kowanne an kauce da shi daga tsakiya: ɗaya na tafiya gaba, ɗaya na baya. Suka haɗa sandunan faifan biyu da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga. Direba ya sauke ƙarfen ko ya ɗaga shi, bawul ya bi faifan da aka zaɓa. Babbar ribar ma tana tsakani: in aka matso da shi kusa da tsakiya, tururi kaɗan ke shiga, ya buɗe da kansa ya ƙarasa turin, gawayi ya yi auki.

Sunan maigida, Stephenson, aka laƙaba wa na'urar.

A 1844 Egide Walschaerts na Beljiyam ya ƙirƙiro tasa, wadda aka riƙa ɗaurawa a wajen ƙafafu inda makaniki zai kai hannu. A ƙarni na 20 ita ta mamaye yawancin jirage.