Rinjayen Nauyi a kan Taurin Dutse: Nazari kan Dalilin Mulmulewar Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa duniyarmu take da siffar ƙwallo. Hujjar da ta kafa ita ce, girman duniya ya haye mizanin da dutse zai iya jure nauyin kansa, don haka ƙarfin janyowa ne ke tsara siffarta, kuma har yau yana kan wannan aiki. An dogara ga awon ƙasa da kwatanta duniya da ƙananan halittun sararin samaniya.

Gabatarwa

Masana sun daɗe da rufe babin jayayya kan cewa duniya mulmulalliya ce. Tun a ƙarni na 4 kafin Miladiyya Aristotle ya lura cewa inuwar da duniya ke yi wa wata lokacin husufi kullum a lanƙwashe take. Eratosthenes ya auna kewayenta wajen shekara ta 240 kafin Miladiyya, ta hanyar gwada inuwar tsakar rana a Aswan da Iskandariyya. Masanan Halifa Ma'amun sun sake awon a filin Sinjar wajen shekara ta 830, daga baya Biruni ya fito da dabarar lissafa girmanta daga tsayin dutse guda. Duk waɗannan siffa da girma suka tabbatar. Sanadin siffar kuwa sai da aka jira littafin Isaac Newton, Principia, na 1687.

Nauyi da Mizanin Girma

Kowane ɓurɓushin abu yana jan ɗan'uwansa. Idan abubuwa suka taru da yawa wuri guda, jimlar wannan ja takan fuskanci cibiyar tarin daga kowane ɓangare. Duk abin da ya turo waje ya zama tudu ke nan, tudu kuwa neman gangarowa yake yi, kuma siffa ɗaya tak ce babu sauran inda wani sashe zai gangara a cikinta: wadda ko'ina a bayanta nisansa ɗaya da cibiya. Sai dai dutse ba ruwa ba ne, yana da taurin da yake turjewa da shi. A nan ne girma ke raba gardama, domin taurin dutse ba ya ƙaruwa don tarin ya ƙaru, amma nauyin da ke danne shi ƙaruwa yake yi.

Sararin samaniya ya ba mu samfura masu girma daban-daban da za a gwada wannan magana a kansu. Phobos, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mars, tsawonsa bai wuce kilomita 27 ba, kuma ba shi da wani fasali, a karkace yake da ramuka. Vesta mai faɗin kimanin kilomita 525 ta kusa mulmulewa amma ba ta kai ba. Ceres mai kilomita 940 ta mulmule. Mimas, watan Zuhal, bai cika kilomita 400 ba amma ya dunƙule, saboda akasarinsa ƙanƙara ce, wadda ba ta kai dutse tauri ba. Duniyarmu mai faɗin kilomita 12,742 ta yi wa wannan mizani fintinkau. Kan wannan fahimta ne Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, a taronta na birnin Prague a 2006, ta sanya mulmulewa ta dalilin nauyin kai cikin sharuɗɗan kiran halitta da sunan duniya.

Suka da Amsoshinsu

Mai suka zai iya cewa wannan bayani ya dace da ruwa ne kawai, dutse kuwa ba ya malala, saboda haka duniya ta mulmule ne lokacin da take narkakkiya kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, sannan ta daskare a haka. Wannan suka ba ta rasa gaskiya ba. Zafi na sassauta dutse, kuma Proteus, watan Neptune, ya ɗan fi Mimas girma amma yana nan da kusurwoyinsa, abin da ke nuna cewa mizanin ba layi ba ne da aka ja da rula. Amma ga halitta mai girman duniya, narkewar farko sauƙaƙa aikin kawai ta yi. Sashen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya daskararre ne, kamar yadda tafiyar igiyoyin girgizar ƙasa a cikinsa ta nuna, duk da haka yana motsawa a hankali saboda zafi da danniya. Ana ganin alamarsa da ido a gaɓar tekun Bothnia, tsakanin Suwidin da Finlan, inda ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta danne ƙasa har ta lotsa. Ƙanƙarar ta narke kimanin shekara 10,000 da suka wuce, amma har yanzu ƙasar tana tasowa da kusan milimita 9 a shekara, tsofaffin tasoshin jiragen ruwa sun koma tudu, sababbin tsibirai suna ɓullowa.

Suka ta biyu ta fi yaɗuwa a tsakanin ɗalibai: wai jujjuyawar duniya ce ta mulmule ta, kamar yadda ake mulmula curin fura a tafin hannu. Awo ya nuna akasin haka. A 1672 Jean Richer ya je Cayenne, kusa da ikwaita, ya tarar agogonsa mai lilo da aka saita a Paris yana jinkirin kimanin minti biyu da rabi a rana, alamar ja ya fi rauni a can. Newton ya ce jujjuyawa ce ke turo tsakiyar duniya waje, ya ƙiyasta baje war da kashi 1 cikin 230. Jacques Cassini ya ƙi yarda, ya ce duniya doguwa ce ta arewa da kudu, har sai da Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta tura ayari biyu, ɗaya Peru a 1735, ɗaya Lapland a 1736 ƙarƙashin Maupertuis, awonsu ya ba Newton gaskiya. Adadin da aka tsaya a kai yau shi ne 1 cikin 298: daga cibiya zuwa ikwaita kilomita 6,378, zuwa ƙuryar arewa ko kudu kilomita 6,357. Ashe jujjuyawa rage mulmulewa take yi. Zuhal da ke kammala juyi cikin awa goma da rabi ta baje da kusan kashi 10 cikin 100.

A ganina hujja mafi ƙarfi tana cikin wannan adadi na 298. A da duniya ta fi haka saurin juyawa, jan wata ne ke rage mata gudu. John Wells ya nuna a 1963, daga layukan girma a jikin daskararren murjani, cewa shekara ta ƙunshi kusan kwana 400 kimanin shekara miliyan 380 da suka wuce. Da a ce siffar ta daskare tun farko, da kumburin ikwaita ya fi na yanzu nesa ba kusa ba. Amma kumburin da ake aunawa ya yi daidai da saurin juyawar yau, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duniya tana gyara siffarta ne gwargwadon yadda gudunta ke raguwa.

Saura batun tsaunuka, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Daga ƙolin Everest mai mita 8,849 zuwa ƙasan ramin Mariana mai zurfin kusan kilomita 11, tazarar kimanin kilomita 20 ce, ba ta kai kashi biyu cikin dubu na faɗin duniya ba. Ɗan abin da taurin dutse ya iya riƙewa ke nan. A Mars, inda ja bai wuce kashi 38 cikin 100 na namu ba, tsaunin Olympus ya haura kilomita 21. A duniyarmu kumburin ikwaita ya fi kowane tsauni girma, shi ya sa ƙolin Chimborazo a Ekwado ya fi na Everest nisa daga cibiyar duniya da kimanin kilomita 2.