Tsakanin La'asar da Magariba: Me Makarantun Yamma Suka Yi wa Rikkos?

Iyayenmu da suka hau dutsen nan neman abinci a haƙar kuza da kasuwanci ba su bar yaro ya yini sakaka ba. Akwai makarantar allo a zaure, safe da yamma. Da gwamnati ta kawo ilimin firamare kyauta a 1976, boko ya ɗauke safiya, malamai suka riƙe yamma. Bayan Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a nan Jos a 1978, Islamiyya mai aji da benci da rajista ta yawaita, 'yan ɗariƙa ma suka buɗe nasu. Yaro ya taso boko, ya ci abinci, la'asar na yi ya ɗau jaka.

Rikicin 7 ga Satumba 2001 ya ɗora wa waɗannan makarantu nauyin da ba don shi aka gina su ba. Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, jarin iyaye da yawa ya tafi da ita. Aka sake yi a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. Duk lokacin da gari ya rikice, sai Rikkos ta ƙara cika da waɗanda suka baro unguwannin da zama ya gagara, har da marayu. Malamin da ke koyar da tajwidi ya koma uba, a kan ɗan kuɗin wata da sau tari ba ya zuwa.

To, an ci riba? A wajen 'yan mata, ƙwarai kuwa. Yawancin matan da ke koyarwa a Islamiyyun unguwar nan yau, a irin waɗannan azuzuwa suka taso. Ƙananan yara ma an tsare su daga gararamba.

Matsalar tana wajen samari. Mu dai ma'auninmu ɗaya ne, walimar sauka: a kafa rumfa, a raba shahada, a ƙirga waɗanda suka sauke. Ba ma ƙirga waɗanda suka fara tare da su. Yaro na kai shekara 14 ko 15, sai ya ga ya fi ƙarfin zama da ƙannensa a benci, ga aljihu wayam. Ya daina zuwa, malam ya ja layi a kan sunansa, shi ke nan. Daga wannan layin sara-suka ke ɗiba, da masu sayar da ƙwaya. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hanin bai mayar da kowa aji ba.

Tsofaffin rajistocin suna nan a kabad ɗin makarantu, wasu gara ta fara ci. Kwamitin kowace makaranta zai iya ɗauko ta shekara 10 baya, ya zauna da mai unguwa da iyaye, a bi suna ɗaya bayan ɗaya: wane yana gareji, wane yana jami'a, wane yana gidan yari, wane ya rasu.