Annoba a Tsakar Gida: Daga Marisuwa Zuwa Korona a Ƙasar Birnin Kudu

Kafin takardar haihuwa ta zama ruwan dare, da masifu mutanen ƙasar Kano suke ƙirga shekarunsu. Idan malamin ƙidaya ya tambayi tsohuwa shekarunta, sai ta ce an haife ta bayan Kakalaba, ko kuwa tana goye aka yi Marisuwa, ko an kai ta ɗaki shekarar 'Yar Buhu. Shi kuma ya duba takardarsa ya ga Kakalaba yunwar 1914 ce, Marisuwa annobar murar 1918, 'Yar Buhu kuma yunwar 1927. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, har da ƙauyuka irin su Surko, duk cikin Lardin Kano suke a wancan zamani, ba su koma Jihar Jigawa ba sai da aka ƙirƙiro ta a 1991, saboda haka wannan kalanda tasu ce su ma.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a mujallar marubuta shi ne, tarihin annoba da ke rubuce kusan dukkansa lissafi ne: ranar da ta shigo, yawan waɗanda ta kama, yawan waɗanda ta kashe. Alhali kuwa ita annoba a cikin gida take cin kasuwarta, tsakanin randa da murhu da shimfiɗa, kuma a nan ne alƙalami bai shiga ba.

Mu fara da abin da takardu suka riƙe game da Marisuwa. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas a watan Satumba na 1918, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Farko. Daga nan ta hau jirgin ƙasa, wanda shekara bakwai ke nan da dogonsa ya iso Kano, cikin 'yan makonni ta haye Kwara ta shigo Arewa, zamanin Sarkin Kano Abbas. Dogo bai bi ta Birnin Kudu ba, amma fatake da 'yan koli da masu jakuna suna bi, kuma cutar da ke tafiya a numfashi ba ta bukatar tasha. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. A duniya kuwa ana maganar miliyan 50.

To, mai karatu, ajiye lissafin nan ka dubi watan da ta zo. Kaka ce. An girbe gero, dawa tana tsaye tana jiran yanka, ana cirar gyaɗa, wadda tun 1912 ta zama abin da talaka ke sayarwa ya biya haraji. Kuma wannan mura ta saɓa wa sauran murori da abu guda da likitocin duniya suka yi ittifaƙi a kansa: ta fi kayar da majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, da mata masu ciki. Wato dai masu yankan dawa, da masu sussuka, da masu daka, da masu jan guga. Gidan Bahaushe a ƙauye ba ya ajiye dafaffen abinci, ba ya ajiye gari na mako guda. Kowace rana sai an hau rumbu an ɗebo dami, an sussuke, an sheƙe, an surfa, an wanke, an niƙa ko an daka, kafin a ɗora tukunya. Idan matan gida biyu suka kwanta rana ɗaya, to hatsi na nan cike da rumbu amma babu tuwo, babu ko kunun da za a ɗura wa majinyaci. Ni a ganina duk wanda zai rubuta labarin Marisuwa bai rubuta shirun turmi ba, bai kama bakin zaren ba. A ƙauye da sautin daka ake gane gida lafiya.

Sai kuma zumunci, wanda shi ne garkuwarmu, ya zama shi ne hanyar cutar. Ba a jin ɗan'uwa ya kwanta a ƙi zuwa dubiya. Ana shiga ɗaki mai ƙofa ɗaya, babu taga, an saki asabari, an hura wuta don sanyin hunturu ya fara shigowa, a zauna a gefen gadon kara a yi sannu. In ya cika a yi wanka, a yi sutura, a kai shi, a dawo zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, dangi na nesa su zo su kwana. Kowane mataki a cikin waɗannan haƙƙi ne da babu mai mutunci da zai tauye shi, kuma kowanne taro ne. Magani kuwa abin da ke hannu ne: citta da kanumfari da masoro a kunu, tafarnuwa, surace, hayaƙin ararraɓi, rubutun sha daga wajen malam. Su ma Turawan ba su da abin da ya fi wannan, domin ba a gano ƙwayar cutar mura ba sai a 1933.

Bari in ɗan ratse saboda matasanmu masu sha'awar ƙagaggen labari na tarihi. Kada ka zaunar da jarumarka a gindin darbejiya a 1918, kada kuma ka sa ta yi surace da ganyenta. Wannan bishiya baƙuwa ce daga Indiya, sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Ka nemi tsamiya ko kuka ko ɗorawa. Irin wannan ƙaramin kuskure ne ke sa dattijo ya rufe littafi.

Agana ba sai na daɗe a kanta ba, don ita ba baƙuwa ba ce, tare aka zauna da ita shekaru aru-aru har ta samu gurbi a cikin bori, inda ake da iskokin da ake kira 'yan zanzana. Abin lura shi ne a kanta ne kakanninmu suka san keɓe majinyaci, su bar jinyarsa a hannun wanda ya taɓa yi ya tashi. Gangamin lamba da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967, wanda aka haɗa da rigakafin ƙyanda, shi ya kawo ƙarshenta. An ga ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an shafe ta daga doron ƙasa. Tabon nan da ke damtsen dattawanmu shi ne takardar shaidar wannan aiki.

Agana na fita, kwalara na shigowa. Ta sauka Gini a watan Agusta na 1970, ta iso Legas a ƙarshen shekarar, a 1971 ta watsu a Arewa. Ita kuma randa ta nufa. A gidajenmu randa ɗaya ce, moɗa ɗaya, babba da yaro kowa ya tsoma hannu ya ɗiba. Rijiya ba murfi, guga yana kwana a ƙasa, masai kuma ba shi da nisa da ita, da damina ta yi ƙarfi sai ruwan sama ya haɗa su. Wanda amai da gudawa suka kama yana iya bushewa ya mutu tsakanin safiya da dare. Wa ke kwashe aman, wa ke wanke zannuwan, wa kuma zai koma ya dama fura da hannun nan? Mace ce. A nan ne aka samu maganin da ya fi kowane dacewa da tsakar gida, wato ruwan gishiri da sukari, wanda aka yi ta koya wa mata a rediyo da asibitoci zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Awon da aka koyar a lokacin shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, a ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Daga baya aka koma ga na ƙunshi da ake sayarwa a kemis. Duk da haka a 1991, shekarar da aka haifi Jigawa, kwalara ta kashe fiye da mutum 7,000 a Nijeriya.

Sanƙarau kuwa ɗakin kwana yake bi, kuma yana da lokacinsa: daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, sa'ad da ƙura da zafi suka busar da hanci da maƙogwaro. Da ruwan farko ya sauka sai ya ja da baya. Shi ya sa shawarar ma'aikatan lafiya kullum ita ce a rage cunkoso a ɗaki, a fito tsakar gida a kwana. Na 1996 shi ne mafi muni da aka rubuta a ƙasar nan: fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da kwalara a lokaci guda. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka mutu. An yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Amma ɓarnar da ta fi kuɗi ita ce ta amana. Sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da magidanta ke kafa hujja da shi a zaure, suna hana masu ɗigo shiga cikin gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da wannan tabo a zuciya korona ta same mu. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Kano ranar 11 ga Afrilu, Jigawa kuma bayan 'yan kwanaki. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta riƙa rufe garuruwan da cutar ta ɓulla ɗaya bayan ɗaya, Birnin Kudu na cikinsu. An riga an rufe makarantu tun watan Maris, sannan azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar zafin bazara.

Marubuci ya kamata ya tsaya a kan kalmomin da aka yi amfani da su. Ƙyallen rufe baki da hanci aka kira takunkumi, abin da a da jaki da maraƙi ake sa wa don kada su ci amfanin gona. Hana fita kuma aka kira kulle, kalmar da matan aure suka riga kowa sanin ma'anarta. Sai ga maigida, wanda ya saba fita da hantsi ya dawo bayan isha'i, yana zaune a tsakar gida tsakar rana, ya ga yadda ake auna tsaba, ya ji kukan yaran da a da labarinsa kawai yake ji. Ita kuwa uwargida kullen nan ya taɓa ta ta wata fuska dabam. Sana'arta ta cikin gida, ƙuli-ƙuli ne ko ƙosai ko dafa-duka, da ƙafar yara take fita talla, kuma da cinikin take zuba adashi, take tara kayan ɗakin 'yarta. Da aka hana kasuwa ci, aka watse tasha, sai jarin ya koma tukunya. Manomi yana da hatsi, amma gishiri da mai da ashana sai an kai akuya ko tiya biyu kasuwar mako an sayar. An ce a riƙa wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudu, a gidan da kowace jarka sai an saya ko an ɗauko a ka. An ce a ba da tazara, ga mutanen da ke cin tuwo a akushi ɗaya.

Akwai kuma yaran da aka maido. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu, aka riƙa lodinsu a motoci, Jigawa ta karɓi ɗaruruwa daga Kano da wasu jihohi, ta killace su, gwaji kuma ya nuna wasunsu suna ɗauke da cutar. Daga nan aka miƙa su ga iyayensu. Yaron da ya bar gida yana ɗan shekara bakwai ya dawo da allo a hammata, maƙwabta suna ja da baya, uwarsa kuma ba ta san ko ta rungume shi ko ta bi dokar likita ba. Ga labari a ƙofar gidanmu, mu kuwa har yanzu muna ta aurar da 'yar Alhaji ga ɗan talaka.

Yadda aka ƙirga mamatan Kano a wannan bazara ma abin dubawa ne. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikinsu ya ninka. Da gwamnati ta tashi bincike, sai ta tura ma'aikata gida-gida suna tambayar iyalai yadda mamacin ya yi kafin ya cika. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadi. Fiye da rabinsu a gida suka rasu. Wato ita kanta hukuma, da ta rasa lissafi, wajen masu jinya ta koma. Haka Mary Smith ta yi a 1949 da 1950, ta zauna gaban wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, ta rubuta rayuwarta daga bakinta. Waɗanda suka ga Marisuwa sun riga sun tafi da nasu. Waɗanda suka yi jinyar agana da kwalarar 1971 kuwa suna nan a Surko da Gwaram da Birnin Kudu, amma sun manyanta, kuma yawancinsu sai mace ce za ta iya shiga ta same su a ɗaki. Wannan aiki na 'yan'uwanmu mata ne marubuta.

Kullen korona bai jure wa damina ba. Da ruwa ya sauka kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, makarantu suka fara komawa wajen ƙarshen shekara, bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofar masallatai da ofisoshi suka bushe. Da daminar 2021 ta zo sai kwalara ta dawo, Jigawa tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna tare da Bauchi da Kano. A wannan shekara kaɗai ta kashe fiye da mutum 3,600 a Nijeriya, adadin da ya zarce duk mamatan korona da hukuma ta rubuta a ƙasar tun daga farkonta.