Ƙafa da Mita a Sararin Sama

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama ya ji matuƙi na sanar da cewa an kai ƙafa 35,000. Da ƙafa ake awo ko da jirgin na Faransa ne, ƙasar da ta haifi mita a shekarun 1790.

Da can ba haka abin yake ba. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan Jamus da Faransa da mita suke awo. Bayan yaƙi jiragen Amurka da Ingila suka cika filaye, kowa ya bi awon mai jirgi. Hukumar ICAO, wadda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifar, ta rungumi mita a takarda, ta ce a ci gaba da ƙafa na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Tarayyar Sobiyet da Sin suka tsaya kan mita. Sai a 2011 Rasha ta koma ƙafa a can sama.

Masu jirgi marar inji kuwa ba su saki mita ba. Wannan wasa a tudun Wasserkuppe na Jamus ya girma tun 1920, lokacin da yarjejeniyar Versailles ta ɗaure wa Jamusawa hannu kan jirage masu inji. Har gobe lambar azurfa sai an yi kilomita 50, an ƙara tsayin mita 1,000, an shafe awa 5 a sama, ko da allurar da ke gaban Ba'ingile ƙafa take nunawa.

A ganina wannan haɗin gambiza sakaci ne, kuma an ga illarsa. Ranar 23 ga Yulin 1983, Boeing 767 na Air Canada ya tashi daga Montreal yana buƙatar mai kilo 22,300. Kanada na tsaka da sauya awo. Masu lissafi suka yi aiki da laba, ya tashi da abin da bai kai rabi ba. A ƙafa 41,000 mai ya fara ƙarewa, injuna biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa kyaftin Bob Pearson ya saba tuƙa jirgi marar inji. Ya karkata shi gefe don ya rage tsayi, ya dire a tsohon filin soja na Gimli inda ake tseren motoci, hancin jirgin na jan ƙasa. Mutum 69 ke ciki, duk suka fito da rai.