Mu Da Kwara, Su Da Teku: Waiwaye Kan Tarihin Jirgin Ruwa A Ƙasar Bagudo

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya karanta littattafan da marubutanmu suke fitarwa, zai ɗauka ƙasar Hausa tudu ce zalla. A cikinsu za a ga doki da raƙumi, a ga mota da babur, amma da wuya a ci karo da mai fito riƙe da gora, ko Basarke a bakin jirginsa. Alhali kuwa mu da muke zaune a ƙasar Bagudo, inda Kogin Kwara ya shigo Nijeriya bayan ya raba Gaya ta Nijar da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, mun san cewa akwai jama'a masu ɗimbin yawa da rayuwarsu take a kan ruwa tun kaka da kakanni. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi wannan tarihi, mu ajiye shi kusa da na mutanen ƙasar Holan, waɗanda duniya ta san su da shawagi a jirgi don nishaɗi, domin mu gano abin da ya sa su suke wasa da ruwa, mu kuwa a yau yawancinmu tsoronsa muke yi.

Kogi A Matsayin Hanya

Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kuma tsawonsa ya zarce kilomita 4,000. A wajenmu sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, wato na daminarmu, sannan akwai baƙin ruwa, wanda yake isowa cikin hunturu bayan ya daɗe yana ratsa fadamun Masina a ƙasar Mali. Wannan ne ya sa jirgi yake samun ruwan tafiya watanni da yawa, ko da kuwa an daɗe da ɗauke ruwan sama.

Ƙwararrun wannan kogi tun farko su ne Sarkawa, waɗanda mutanen Songhai suke kira Sorko. Su ne masu su, su ne maharban dorina da ayu, su ne kuma suka tuƙa wa sarakunan Songhai jiragen yaƙi. Sonni Ali, wanda ya yi sarauta daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jirage ya yi wa birnin Jenne ƙawanya har ya ci shi. A nan kusa da mu, labarin da aka gada game da Kanta na Kabi a ƙarni na 16 ya nuna yana da wani ƙasaitaccen jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zaga ƙasarsa a ciki idan ruwa ya cika. Ko ba komai, wannan labari ya nuna cewa a idon magabatanmu jirgi abin alfarma ne kamar ingarman doki.

Bugu da ƙari, garin Illo ya yi suna ne saboda fito. Fataken da suka taso daga Kano da Sakkwato da Jega za su Gwanja sayen goro, tilas su ƙetare Kwara, kuma Illo tana cikin manyan mashigai kafin a miƙa zuwa Nikki da Jugu da Salaga. Gishirin Foga ma ta wannan yanki yake bi. Saboda haka Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suka cuɗanya a bakin ruwa ɗaya, mai jirgi yana cin abinci daga mai jaki, mai jaki yana dogara da mai jirgi.

Zuwan Turawa Da Shata Iyaka

Turawa ma ta ruwan suka fara leƙo mu. Mungo Park ya wuce ta nan a jirginsa kafin ya halaka a gangaren Busa a 1806. A 1896 wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Hourst ya gangaro daga Tumbutu ya bi ta gabanmu har teku. Shekara biyu bayan haka, ranar 14 ga watan Yuni 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniya a birnin Faris, suka raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Abin lura a nan shi ne, da tashar jirgi aka auna iyakar. An ƙayyade cewa za ta taɓa kogin ne mil 10 sama da Giris, wato tashar jiragen Illo. Ke nan su kansu Turawan sun san darajar wannan mashigi.

Tun daga nan al'amura suka fara juyewa. Kogin da ya haɗa dangi ya zama abin da ake gadi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya canza hanya, motoci suka biyo baya, aka gina gada tsakanin Gaya da Malanbil a 1958. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, tsohuwar Busa da tsibirai da dama na ƙasar Yawuri suka nitse, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin injiniyoyin Holan mai suna NEDECO ne ya yi binciken Kwara da Binuwai a shekarun 1950, kuma yana cikin waɗanda suka tsara aikin Kainji. Ashe hannun mutanen Holan ya riga ya taɓa ruwan da muke sha.

Su Wane Ne Mutanen Holan?

Holan ƙaramar ƙasa ce a bakin teku a arewa maso yammacin Turai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta ya fi teku gangarawa. Da za a bar ruwa ya yi yadda ya so, da garuruwansu da yawa sun zama gidan kifi. Tun wajen ƙarni na 13 manomansu suka kafa majalisun ruwa, inda kowane mai gona yake da hakkin gyara ganuwar da ke tare ruwa, ko ya biya kuɗin gyaranta. Majalisun suna nan har yau, ana zaɓen wakilansu, suna karɓar harajinsu. Shugaban kowace majalisa, idan muka kwatanta da namu tsarin, shi ne Sarkin Ruwansu.

Da haka suka haƙa magudanai, suka yi amfani da injin iska wajen kwashe ruwa daga fadamu suka mai da su gonaki. A 1632 suka fara jigilar fasinja tsakanin Amsterdam da Haarlem a jirgin da doki yake ja daga gaɓa, mai tashi a kan ƙayyadadden lokaci. A 1932 suka datse wani reshen teku da ganuwa mai tsawon kilomita 32. Duk da haka ruwa bai bar su ba. A daren 31 ga Janairu 1953 teku ya fasa ganuwa ya kashe mutum 1,836. Ba su tsaya ga zaman makoki ba, sai suka shafe shekaru fiye da arba'in suna gina sababbin madatsai don kada a maimaita.

Shawagin nishaɗi a bayan wannan wahala ya zo. Kalmar da Turawan Ingila suke kiran jirgin shaƙatawa da ita, daga harshen Holan suka aro ta, kuma asalin ma'anarta farauta, domin sunan ƙananan jirage ne masu sauri da ake bin 'yan fashin teku da su. A 1660 mutanen Holan suka ba Sarki Charles na Biyu na Ingila kyautar irin wannan jirgi, daga nan wasan ya bazu a can. Haka kuma a lardin Firislan, jiragen da a da suke dakon taki da ƙasa su ne ake tsere da su duk bazara. Sannan yaro a Holan ba ya samun takardar shaidar iyo sai ya nuna zai iya fitar da kansa daga ruwa sanye da tufafinsa.

Namu Wasannin Ruwa

Idan muka dawo gida, za mu ga cewa mu ma wasanmu daga sana'a ya fito. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta ƙarfafa zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi. A wasan Kabanci ana tseren jirage da na iyo, ana kamun kifi da hannu, ana kamun agwagwar ruwa. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Yawuri kuma akwai Rigata, inda Gungawa suke nuna bajintar tuƙi da suka gada daga farautar dorina.

To, ina bambancin yake? Mu wasanmu na 'yan kwanaki ne a shekara, sauran kwanakin kuwa jirgi ya zama abin hawan wanda ba shi da zaɓi. Ranar kasuwa a loda masa mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa bakinsa, babu rigar kariya, babu mai ƙirga fasinja, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Ba za mu manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe biyu kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, ƙalilan ne suka tsira. Uwar da ta ji irin wannan labari, ta yaya za ta bar ɗanta ya shiga jirgi don sha'awa? Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umurce mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, al'umma ba ta wasa da ruwa sai ta amince da shi, kuma ba ta amincewa da shi sai ta haɗu ta yi masa doka, ta rubuta abin da ya yi mata jiya don ta shirya wa gobe. Mutanen Holan ba su fi Sarkawa sanin ruwa ba. Abin da suka fi mu shi ne riƙon tsari da ajiye labari. Muna da Sarakunan Ruwa da suka san kowane gurbi da kowace kwana, muna kuma da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tun 1997. Ya kamata a haɗa ƙarfin biyun, a ƙayyade lodi, a wajabta rigar kariya, a kuma koya wa yaran makarantun bakin kogi iyo kamar yadda ake koya musu ƙwallo.

A ƙarshe, ga kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Tsofaffin masu fito na Illo da Lolo da Giris suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya da sunayen jirage da na tsibirai, da kirarin tuƙi, da labarin fatake. Mu ɗauki alƙalami da takarda mu je mu zauna da su tun suna da rai. Akwai ƙagaggen labari a nan, akwai wasan kwaikwayo, akwai waƙa. Idan ba mu rubuta ba, wani baƙo zai zo ya rubuta da harshensa, jikokinmu su saya da tsada. Allah Ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.