Via Appia: hanyar da Rumawa suka shimfiɗa domin yaƙi

Via Appia, wadda ake kira Voie Appienne da Faransanci, tsohuwar hanya ce a ƙasar Italiya. Ta tashi daga birnin Roma ta nufi kudu maso gabas har tashar jiragen ruwa ta Brindisi, tafiyar da ta haura kilomita 500. An fara gina ta a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau akwai sassanta da ake takawa a kan duwatsun da Rumawa suka jera. A watan Yulin 2024 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Sunan ya samo asali daga Appius Claudius, jami'in da ke kula da ƙidayar jama'a da bayar da ayyukan gwamnati a Roma ta wancan zamani. Yaƙi ne ya sa aka yi hanyar. Roma tana fafatawa da Samniyawa, mutanen tsaunukan kudu, waɗanda suka ci ta da yaƙi a shekara ta 321 har suka wulaƙanta rundunarta. Ana buƙatar kai dakaru da guzuri birnin Kapuwa cikin sauri, ko da rani ko da damina. Sashen farko, daga Roma zuwa Kapuwa, ya kai kimanin kilomita 195.

Abin da ya bambanta ta da hanyoyin da suka gabace ta shi ne ba ta bi ƙauye-ƙauye tana kwana ba. Daga Roma zuwa Terracina, kusan kilomita 90, ta miƙe santal, ta ratsa fadamar Pontine mai laka da sauro wadda matafiya ke gudu. Magina sun san ruwa ne ke kashe hanya, don haka a kansa suka fi ba da ƙarfi. Sukan haƙa ƙasa har su tarar da mai tauri, su zuba duwatsu da tsakuwa su daddale, su ɗaga tsakiyar hanyar ta fi gefe tudu, sannan su ja lambatu dama da hagu. Da farko tsakuwa ce a sama. Daga baya aka bi ta sashe-sashe ana jera manyan baƙaƙen duwatsu na aman wuta, ana sassaƙa kowane ya zauna daram da na kusa da shi. Faɗinta kimanin mita 4 ne, daidai yadda amalanke biyu za su wuce juna. A kowane mil na Rumawa, wato kusan mita 1,480, akwai dutsen da ke nuna nisa.

Duk da haka fadamar ba ta ba da kai gaba ɗaya ba. An haƙa mashigin ruwa a gefen hanyar, inda matafiya ke shiga kwalekwalen da alfadari ke ja, galibi da dare. Mawaƙin nan Horace, wanda ya bi hanyar zuwa Brindisi wajen shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koka da yadda sauro da kwaɗi suka hana shi barci a wurin.

Yadda mulkin Roma ya yi ta faɗaɗa, haka hanyar ta yi ta tsawo: Benevento, Venosa, Taranto, sai Brindisi. Daga can ake tsallaka teku zuwa gaɓar Albaniya ta yau, a hau wata hanyar mai suna Via Egnatia, wadda ta kai har birnin da yanzu ake kira Istanbul. A shekara ta 109 Miladiyya sarki Trajan ya buɗe wani reshe daga Benevento zuwa Brindisi wanda ya rage kwanakin tafiya. Hanyar soja ta zama ta fatake da manzannin sarki da masu ziyara. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci cewa Kiristocin Roma sun fito tarbar Bulus a Kasuwar Appius, wani zango a kan wannan hanya.

Ba alheri kaɗai ta gani ba. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan an murƙushe tawayen bayi da Spartacus ya jagoranta, Crassus ya sa aka gicciye mutum 6,000 a bakin hanya daga Kapuwa har Roma. Idan aka raba, kusan gawa ɗaya ke nan a kowane mita talatin da 'yan kai. An zaɓi wurin ne saboda babu hanyar da ta fi ta jama'a. Saboda wannan dalilin ne kuma attajirai suka jera kaburburansu a gefenta, tun da dokar Roma ta hana binne gawa a cikin gari. Wanda ya fi shahara shi ne na Caecilia Metella, wanda daga baya aka mayar da shi ganuwa.

A ƙarni na 6 marubucin tarihi Procopius ya yi mamakin yadda duwatsun ba su gusa ba bayan shekaru aru-aru ana bi. Amma da aka daina gyaran magudanan ruwa, fadama ta sake cinye sashen tsakiya, mutane kuma suka riƙa kwasar duwatsu suna gini. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 Fafaroma Pius na Shida ya sa aka sake buɗe wannan sashe.

A ranar 10 ga Satumba 1960 gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik ya bi ta Via Appia da dare, sojoji suna riƙe da tocilan wuta a gefe. Abebe Bikila, sojan Habasha, ya yi gudun ba takalmi. Ya tsere wa Rhadi Ben Abdesselam na Maroko a kusa da Porta Capena, tsohuwar ƙofar da hanyar ta faro, inda a lokacin aka kafa dogon dutsen Aksum da Italiya ta kwaso daga ƙasarsa a 1937. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinare a gasar. An mayar wa Habasha dutsenta a 2005.