Tafkin Ahémé da Grand-Popo: karkarar Benin da baƙi ke zuwa don kifi da gari

A kudu maso yammacin jamhuriyar Benin, tsakanin birnin Kwatano da iyakar Togo, akwai wani yanki na tafkuna da gonakin rogo da itatuwan kwakwa, inda mazauna birane ke zuwa hutun ƙarshen mako don cin abincin ƙauye. Garuruwan da baƙi suka fi sauka su ne Possotomè a bakin tafkin Ahémé, da Comè a kan babbar hanya, da Grand-Popo a gaɓar teku. Dukansu suna cikin jahar Mono.

Yadda wurin yake

Daga Kwatano zuwa Grand-Popo tafiyar kimanin kilomita 80 ce a kan hanyar Lome, wadda ke ratsa Ouidah da Comè. Daga Comè ne ake karkata arewa zuwa Possotomè, garin da ya yi suna da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Ruwan kwalba mai ɗauke da sunansa ana sayar da shi ko'ina a Benin.

Kogin Couffo ne ke zuba a tafkin Ahémé ta arewa, ta kudu kuma mashigin Aho ya haɗa shi da ruwan gaɓar teku. Saboda haka da rani ruwan gishiri kan shigo, da damina ruwan daɗi ya rinjaya. Wannan canji shi ya sa ake samun ƙarfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande a wuri guda. A shekarar 2000 aka sanya tafkin cikin wuraren dausayi da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Abin da ake ci

Abincin da ya fi shahara a wurin masunta 'yan ƙabilun Xwla da Pédah shi ne dakouin. Ana dafa ɗanyen kifi da tumatur da albasa da barkono, a tsame kifin, a zuba garin rogo cikin romon yana zafi har ya kama jikinsa kamar tuwo mai laushi, sannan a jera kifin a kai. Daɗinsa duka yana ga kifin: sai wanda aka kama a ranar.

Comè kuwa an san ta da ablo, wata waina ce fara da ake turarawa daga ƙullin masara ko shinkafa, mai ɗan zaƙi. Mata na sayar da ita a bakin hanya tare da soyayyen kifi da daƙaƙƙen barkono, matafiya da yawa ba sa wucewa sai sun tsaya. Akwai kuma akassa, wato kafa da ake naɗewa a ganye, da amiwo, jan tuwon masara da ake tuƙawa da tumatur da mai, a ci da kaza.

Gishirin girkin ma na gida ne. A ƙauyen Djègbadji kusa da Ouidah, mata na kankare ƙasa mai gishiri da rani, su tace ta da ruwa, su tafasa ruwan har ya ƙafe. Baƙon da ba ya shan giya ya lura cewa sodabi, wadda akan miƙa wa baƙi a ƙauyukan, barasa ce mai ƙarfi da ake yi daga bammi.

Abin da baƙo zai iya yi

A Possotomè matasan gari na fita da baƙi cikin kwalekwale da sassafe, su koya musu jefa birgi, daga nan a dawo a dafa abin da aka samu. Daga Grand-Popo ana shiga jirgin ruwa zuwa Bouche du Roy, inda kogin Mono ke faɗawa teku. Lokacin rani, daga Disamba zuwa Maris, ya fi sauƙin tafiya. Igiyar teku a wannan gaɓa tana da ƙarfi, wanka a cikinta akwai haɗari. Mai son taro sai ya zo lokacin bikin Nonvitcha, wanda ake yi kowace shekara a ranakun Fentikos tun 1921.

Damuwar masunta

Duk wannan abinci a kan lafiyar tafkin ya dogara, tafkin kuwa yana cikewa da yashi da laka. Sare itatuwan bakin ruwa ya sa ƙasa na zaftarewa ciki, haka ma akaja, wato rassan da ake kafawa a ruwa don tara kifi, suna ruɓewa su ƙara toshe shi. An sha rikici tsakanin masu akaja da masu taru a kan wannan. Gwamnatin Benin ta cire akaja daga tafkin, ta kuma fara aikin yashe mashigan ruwan.

Kafin kifi ya dawo kamar da, kuɗin da baƙo ke biya kai tsaye ga mai kwalekwale da mai girki na cikin abin da ke riƙe iyalai da yawa a bakin tafkin.